CCJ ta fito a sunana ana gab da neman mogej: in biya ne ko in koma kotu?

Wani ɗan'uwa ne ya turo daga Manchesta ta Ingila, bari in taƙaita tambayar. Shi da maiɗakinsa sun tara fam 25,000, sun ga gida na fam 190,000, sai biroka, wato dillalin da ke nema musu mogej, rancen sayen gida kenan, ya duba ya ce masa akwai hukuncin kotu na bashi a sunansa, wato CCJ, fam 287, ba a biya ba. Wata goma sha huɗu kenan da yankewa. Wani kamfanin fakin ne ya yi ƙararsa, takardun duk tsohon gidansa na Lesta suka tafi, shi ko ɗaya bai gani ba. Aboki ɗaya ya ce ya biya yau a goge, wani ya ce ya share kawai bayan shekara shida za ta faɗi da kanta, na uku ya ce a nemi mogej ɗin da sunan madam ita kaɗai. Yana tambaya wanne zai bi.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko dai ka kwantar da hankalinka, bashi hanji ne yana cikin kowa, kuma irin wannan CCJ ta fakin na ga ta fi a ƙirga a shekarun da na yi ina zama da mutane kan matsalar bashi a ƙasar nan. Amma abokan nan naka uku, Allah Ya saka musu da niyyarsu, kowanne rabin magana ya riƙo, kuma rabin da suka bari shi ne mai tsadar. Abin da zan roƙe ka tun yanzu guda biyu ne: kar ka biya ko kwabo a satin nan, kar kuma ka bari a tura takardar nemanka wani banki. Bari in faɗa maka dalili.

Duk abin da zan faɗa na Ingila da Wels ne fa. Sikotlan tsarinsu daban, sunan hukuncin ma daban, to wanda ke can kar ya ɗauki lambobin fom ɗin nan ya tafi da su.

Ga yadda abin yake tafiya. In wani ya ce yana binka kuɗi ya shigar da ƙara, yawancin irin waɗannan ƙananan ƙararrakin ta wata cibiya da ke Nothamton suke bi, ba alƙali ba zama ba komai, kwamfuta ce take ta fitar da takardu. Ana aiko maka da fom, kana da kwana 14 ka amsa, in ka nuna ka karɓa kana son kare kanka a ƙara maka ya zama 28. In ba ka ce uffan ba, mai ƙara ya nemi a yanke a bayan idonka, a yanke, shikenan. Ba wanda ya duba ko da gaske ka yi fakin ɗin, ba wanda ya duba ko allon sanarwar ma ana iya karanta shi. Shirunka kawai aka hukunta. Daga nan sunanka ya shiga rajistar hukunce-hukunce da Registry Trust ke riƙewa, su kuma kamfanonin kiredit masu ajiye tarihin bashin mutane, Experian da Equifax da TransUnion, su kwasa su liƙa a rahoton kiredit ɗinka, duk bankin da ka je nan zai leƙa.

Yadda tikitin fam 100 ya zama 287 kuwa ba abin mamaki bane. Tikitin kamfani galibi fam 100 ne, 60 in ka biya cikin sati biyu, in ka yi shiru su ɗora har fam 70 wai kuɗin bin bashi, sai kuɗin shigar da ƙara 35, sai na lauya 50, sai 'yan tsarabe-tsarabe. Kuma ina kyautata zaton na san inda gizo ya yi saƙar: ka canza adireshi a lasin tuƙi amma ba ka canza a takardar motar ba, V5C ɗinnan. Mutanenmu da yawa sun ɗauka abu ɗaya ne, alhali DVLA, hukumar lasin tuƙi da rajistar motoci, daban-daban take riƙe su, kamfanin fakin kuma adireshin takardar mota ake ba shi. Ni kaina sai da na yi kusan shekara a sabon gida kafin na farga tawa tana nuna tsohon, Allah ne dai Ya rufa asiri. Tarar rashin canzawar ma tana iya kaiwa fam 1,000, to ka duba taka yau.

Yanzu abokinka na farko mai cewa biya a goge. Da gaskiyarsa, amma a wata guda na farko kaɗai. Doka ta ce in ka biya duka cikin wata ɗaya daga ranar da aka yanke hukuncin, ana cire shi daga rajista gaba ɗaya kamar ba a taɓa yi ba. In watan ya wuce ko da kwana ɗaya ne, biya ba ya gogewa, abin da zai faru kawai a canza rubutun daga ba a biya ba zuwa an biya, amma tana nan daram har shekara shida daga ranar yankewa. Ka lura, daga ranar yankewa, ba daga ranar da ka biya ba, ba kuma daga ranar da ka gani ba. Kai yanzu wata goma sha huɗu, watan nan ya wuce ka tuntuni, saura maka shekara huɗu da wata goma tana binka ko ka biya. Shi ya sa na ce kar ka yi gaggawa, don kai kana da wata ƙofa da ta fi biya, kuma in ka ruga ka biya kana iya rage mata faɗi da hannunka.

Ƙofar ita ce neman kotu ta jingine hukuncin, wato ta soke shi, da fom N244. Dokokin shari'ar farar hula, sashe na 13, sun ba da hanya biyu. Ta farko dole ce a kan alƙali: in ba a isar maka da takardar ƙara yadda doka ta ce ba, to hukuncin tun asali ba bisa ƙa'ida aka yanke ba, sai an jingine. Ta biyu ganin damar alƙali ce: in kana da kariya mai ma'ana wadda za ta iya yin nasara, ko wani dalili mai kyau, kuma ka zo da wuri. Anan ne mutane suke ruɗewa, suna zaton cewa ban ga takarda ba ya isa. Bai isa ba. Doka ta yarda a aika adireshinka na ƙarshe da aka sani, ko ka gani ko ba ka gani ba. Sai dai akwai sharaɗi a sashe na 6.9, cewa in mai ƙara yana da dalilin zaton ka bar gidan, dole ya yi ƙoƙari daidai gwargwado ya nemo inda kake kafin ya aika. To kamfanin da ya aika wasiƙa huɗu biyar shekara guda ba amsa ko ɗaya, ya kuma tashi ya aika takardar kotu can ɗin bai sake bincike ba, alhali kana rajistar zaɓe a Manchesta, bankinka da lasinka duk Manchesta suke nunawa, kaga kana da abin faɗa. Ban ce lallai ka ci ba, alƙalai sun bambanta, wani zai ɗaga gira ya ce kai ma ai ba ka gyara V5C ba. Amma magana ce da ake ci da ita sau da yawa.

Abin da ya fi kashe irin wannan nema shi ne jinkiri. Wata goma sha huɗun da ba ka sani ba ana iya yi maka uzuri, amma daga ranar da birokan nan ya faɗa maka agogo ya fara. In ka yi wata uku kana shawara a majalisa sannan ka je, tambayar farko da za a yi maka ita ce me ka tsaya yi. Ka ajiye imel ko saƙon birokan mai ɗauke da kwanan wata, shi ne shaidarka ta ranar da ka sani.

Na taɓa zama da wani bawan Allah mai irin matsalarka sak, na ce masa ya daure ya koma tsohon gidan ya ƙwanƙwasa. Ya ce kunya yake ji, na ce kunyar me, kai da gidan da ka biya haya shekara uku. Ya je ranar Asabar, wata dattijuwa ta buɗe, ta ce ashe kai ne mai wasiƙun, ta shiga ƙarƙashin bene wajen mitar gas ta fito masa da leda cike, wasu har sun yi laushi don danshi. A ciki har da ambulan ɗin kotun ba a ko buɗe ba, wasu kuma ta rubuta a bayansu da biro cewa ba ya nan, ta ce biyu ta mayar akwatin gidan waya da ta gaji ta daina. Wannan maganar tata cewa ta mayar da biyu ita ce zinariyar, don ta nuna kamfanin yana da dalilin sanin ya tashi. Ta yarda ta sa hannu a 'yar takarda, da ita ya shiga kotu. To kai ma Lesta ba nisa, ka sa mai ka je.

Abin da za ka haɗa: yarjejeniyar hayar sabon gida mai nuna ranar da ka shiga, takardar harajin kansul, sitatimen na banki, lasin tuƙi, duk abin da ke nuna kana Manchesta ranar da aka fitar da ƙarar. A rahoton kiredit za ka ga lambar shari'a da sunan kotu da kwanan wata, ko ka biya 'yan fam kaɗan ka bincika a TrustOnline, shafin intanet na binciken rajistar hukunce-hukuncen. Ka kira kotun da lambar, ka shirya jira a waya fa, ka ce su faɗa maka wa ya yi ƙara, wane lauya, wane adireshi aka aika, su kuma turo maka bayanin ƙarar. Sai ka rubuta bayaninka na shaida, gajere, kwanan wata bayan kwanan wata, ba dogon labarin yadda ka sha wahala ba. Kuma don Allah gaskiya zalla, akwai wurin sa hannu cewa abin da ka faɗa gaskiya ne, ƙarya a nan raina kotu ce. In ka san ka ga takardun ka jefa a kwandon shara, wannan ƙofar ba taka bace, tsallaka ƙasa.

Kuɗin fom ɗin ya ɗan haura fam 300, yana kuma canzawa, ka duba a shafin gwamnati ranar da za ka tura. Na san me za ka ce, in biya ɗari uku don in kauce wa 287? Eh. Yi lissafi da ni. Gida 190,000 ka cire 25,000, za ka ranci 165,000. A ce saboda tabon nan an tura ka wajen masu ba da rance na musamman suka ɗora maka kashi ɗaya da rabi kacal a kan abin da babban banki zai ba ka, wannan wajen fam 2,475 ne a shekara, a shekara biyu ka doshi 5,000. Ba 287 kake faɗa a kai ba malam, wannan kake faɗa a kai. In kuma alƙali ya ga kamfanin ne da laifi kana iya roƙon a sa su mayar maka da kuɗin fom ɗin. Mai ƙaramin albashi akwai tallafin kuɗin kotu da fom EX160, amma mai ajiyar 25,000 kar ya sa rai.

Kafin ka tura ma akwai gajeriyar hanya, ita nake fara gwadawa kullum. Ka rubuta wa lauyoyin kamfanin, imel ba waya ba, ka haɗa shaidun ka ce ga shi ban zauna a can ba, zan nemi a jingine, kun yarda mu yi da amincewar juna? Ka ba su kwana bakwai ko goma, kar ya wuce. Da yawa suna yarda, musamman in ka ce za ka biya kuɗin tikitin a rufe magana, don su kuɗin suke so ba zuwa kotu ba. In sun yarda sai a rubuta takardar amincewa ku sa hannu ku biyu, kuɗin shigar da ita bai kai rabin wancan ba, galibi kuma ba sai an zauna ba. Amma alƙali ne dai mai sa hannun ƙarshe, kuma wasu ba sa son su ga kamar wankin suna kawai ake, don haka dalilin adireshin nan ya fito ɓaro-ɓaro a takardar. Ka gane bambancin? Biya a cikin yarjejeniyar jinginewa daban, biya haka kawai daban. In ka fara biya sannan ka zo kana roƙo, kamfani ya riga ya samu abin da yake so, me zai sa ya amsa imel ɗinka, alƙali kuma yana iya kallon biyan kamar ka amsa laifi.

Abu biyu da ba a faɗa wa mutane. Ɗaya, tura N244 ba ya tsayar da masu zuwa karɓar kaya da kansa, sai ka roƙa a cikin fom ɗin a dakatar da zartarwa har a saurare ka. Biyu, jinginewa ba ta kashe ƙarar, tana mayar da ita farko ne, kamfanin yana iya ci gaba. Amma ko da an sake zama ka faɗi, sabon hukunci ne da sabon wata guda, ka biya a cikin watan, rajista fes. Kaga ko ta ina ka fi yanzu.

Illar hanyar nan ɗaya ce, lokaci. Kotunan nan a cike suke, zama yana iya ɗaukar watanni, bayan an jingine kuma sai ka ƙara 'yan makonni kafin kamfanonin kiredit su gyara. Wato gidan nan da kuka gani mai yiwuwa ya wuce ku. Na san da zafi, madam ta riga ta zaɓi labule a ranta, amma ba a fafe gora ranar tafiya, gidajen fam 190,000 kuma ba su ƙare a Manchesta ba.

To a ce jinginewar ba ta yiwu ba, ko mai karatu bashinsa na gaske ne ya sani, katin kiredit ko layin waya ko kuɗin wuta. Nan sai biya, kuma a biya da wuri, don masu ba da mogej abu huɗu suke aunawa: nawa ne, yaushe aka yanke, an biya ko ba a biya ba, in an biya yaushe. Manyan bankuna yawanci kwamfuta ce ke tacewa, tana ganin hukuncin da ba a biya ba ta rufe ƙofa ba ta tambayar dalili. Ƙananan masu ba da rancen gida da na musamman mutum ne yake karantawa, wasu suna kau da kai ga ƙaramin hukunci na 'yan ɗaruruwa, wasu ga na fakin ko waya, wasu ga wanda ya haura shekara uku, amma kowa da ma'auninsa kuma suna canzawa kamar farashin tumatir, shi ya sa kake buƙatar biroka mai leƙa kasuwa duka wanda ya saba da masu tabo. Sau da yawa za su nemi kuɗin gaba kashi 15 zuwa 25, ku kuma 25,000 ɗinku kashi 13 ne da ɗan ɗoriya, ga kuɗin lauya da na duba gida ba a cire ba. In kuma bizar aiki gare ku ba zaman dindindin ba, wannan ma wani mataki ne da wasu bankunan ke ƙara kuɗin gaba a kansa. Tabo biyu a takarda ɗaya ya yi yawa, shi ya sa nake matsa maka ka cire wanda ke ciruwa.

Wajen biyan ma akwai ramuka. Ba kotu ake biya ba, wanda ya yi ƙara ake biya ko lauyansa, ta tiransifa, ka sa lambar shari'ar a wurin bayani. Ka nemi wasiƙa cewa an biya duka. Su ya kamata su sanar da kotu, amma kar ka dogara da su ko kaɗan. Wata baiwar Allah ta biya ta waya da kati, mai karɓar ya ce mata an gama hajiya, ba rasit ba imel, wata biyar bayan nan lauyan sayen gida ya gano rajista tana nan tana cewa ba a biya ba, bashin kuma an sayar wa wani kamfanin, aka yi ta jeka-ka-dawo har mai gidan ya gaji ya sayar wa wani. Maganin wannan fom N443 ne, kuɗinsa bai kai fam 20 ba, ka haɗa da shaidar biya kotu ta ba ka takardar shaida. In mai bashin ya ƙi magana kotu za ta rubuta masa, in ya yi kwana 30 shiru a yi aiki da shaidarka. Wannan takardar ita za ka miƙa wa biroka, ba wallahi na biya ba.

Wanda nasa babba ne, dubbai, yana iya neman sulhu a karɓi wani kaso a yafe saura, ana yarda sosai musamman kamfanonin da suka sayi bashin da araha. Sharaɗi dai kar ka tura ko fam ɗaya sai sun rubuta cewa wannan ya rufe bashin gaba ɗaya kuma za su sanar da kotu an biya. In ba ka da shi a dunƙule akwai fom N245 na neman biya kaɗan-kaɗan daidai ƙarfinka. Hukuncin fam 5,000 zuwa sama kuma yana iya tara ruwa kashi 8 a shekara, ban da basukan da ke ƙarƙashin dokar rancen masu sayayya, to barinsa ba kyauta bane. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne cin sabon bashi mai tsada don a biya tsohon, irin na kafin albashi, wasu masu ba da mogej ganin wannan a sitatimen ya fi CCJ ɗin ma ɓata musu rai. Gara ka ciro daga kuɗin gaban ka ƙara wata uku kana tarawa.

Abokinka na biyu mai cewa share. Gaskiya ne bayan shekara shida tana fita daga rajista ko an biya ko ba a biya ba. Amma rajista ce ta manta, bashin bai mutu ba. Ƙa'idar nan ta shekara shida ta dokar 1980 da mutane ke ji, ta bashin da ba a kai kotu bane, wanda aka riga aka yanke wa hukunci ba ya ruɓewa haka, illa dai bayan shekara shida sai sun nemi izinin kotu kafin su turo masu karɓar kaya. Kafin nan kuwa suna iya sa a riƙa cira daga albashinka, ko a riƙe kuɗi a asusunka, ko ranar da ka mallaki gida su nemi a ɗaura bashin a jikin gidan. Kai kuma ka zauna haya kusan shekara biyar saboda 287? Ga kuma neman zama ɗan ƙasa a gaba, inda ake duba halin mutum har da yadda yake da bashi: bashi shi kaɗai ba ya hana, amma nuna ko-in-kula da biyansa yana iya zama magana. Balle mu da muka san jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, in bashin na gaskiya ne.

Na uku, sunan madam kaɗai. Ba haramun bane a doka, amma albashinta kaɗai za a auna, yawanci ninki huɗu zuwa huɗu da rabi, yi lissafi ka gani ko ya kai 165,000. In kuna da asusun haɗin gwiwa an riga an ɗaure sunayenku, mai dubawa zai gan ka ta jikinta. Kuɗin gaban da ka zuba za a ce ka sa hannu kyauta ka ba ta, a kuma sa ka sa hannu cewa ba ka da ja da banki a kan gidan, wasu bankunan ma ba sa yarda ma'aurata ɗaya ya shiga ɗaya ya tsaya a waje. Ku zauna ku biyu ku fahimci me hakan ke nufi kafin wani ya ba ku shawara a tsaye a bakin masallaci.

Da na ce masallaci, na san wasu za su ce su ai ba mogej mai ruwa za su yi ba, na Musulunci za su yi irin na Gatehouse Bank ko StrideUp, inda kuke tarayya a gidan kana biyan haya kana sayen kasonsu a hankali. Madalla, amma su ma rahoton kiredit ɗin nan dai suke dubawa, kuma da yake ba su da yawa, in biyu suka ce a'a kusan ka gama zagaye kasuwar. Mai son wannan hanyar shi ya fi kowa buƙatar takarda mai tsabta.

Sai maganar ɓoyewa, don na san wani zai raɗa maka. Fom zai tambaye ka ko an taɓa yanke maka hukuncin bashi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ka faɗa. Suna gani dama, kuma ƙarya a takardar mogej zamba ce ƙarƙashin dokar 2006, ana iya sa maka alama ta shekara shida a Cifas, rajistar zamba da bankuna ke dubawa, wadda ko asusun banki sai ka sha wuya kafin ka buɗe. Haka masu tallan za mu goge maka CCJ ka biya mu ɗari biyar, ba abin da za su yi sai cike N244 ɗin nan, wani lokacin da ƙarya, kuma kai ne mai sa hannu. Shawara kyauta tana nan a National Debtline da StepChange da Citizens Advice, ka kira su su duba maka bayanin kafin ka tura.

Dalilin da na ce kar a tura nema yanzu: duk cikakken nema yana barin sawu a rahotonka da wasu za su gani har wajen shekara, uku huɗu a jere kuma kama ka yi da wanda ake ta kora. In biroka zai gwada, ka tambaye shi ƙarara, binciken mai barin sawu ne ko mara sawu? A watannin jiran nan ka ciro rahotonka daga duka ukun, kyauta ne, don wani abin yana wajen ɗaya babu a ɗayan, kuma mai tikiti ɗaya a tsohon adireshi sau da yawa yana da na biyu yana tafe. Ka tabbata kana rajistar zaɓe, 'yan Najeriya da Gana da Kamaru masu izinin zama suna da dama saboda Kwamanwel, 'yan'uwanmu na Nijar ne babu. In akwai kuɗin adashe ko na gida a cikin 25,000 ɗin nan ka fara tattara shaidar inda suka fito tun yanzu, lauyan sayen gida sai ya tambaya.

Gobe da safe ka kira kotun, jibi imel ya tafi wajen lauyoyinsu, Asabar kana Lesta. In sun amsa ko kwana goman ya cika shiru, ka dawo ka faɗa min ranar da aka fitar da ƙarar da ranar da ka bar gidan, sai mu ga yadda za a tsara bayanin.